Yadda Ake Girka GIMP Da Filogin Ɗinsa, Da Abin Yi Idan Suka Ƙi Aiki

Tun da na fara ba masu shagunan buga takardu, masu haɗa katin ɗaurin aure da masu tallan kaya a intanet shawarar su riƙa aiki da GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta zuwa. Wannan ya sauke filogin ɗin G'MIC amma bai gan shi ba. Wancan yana neman Heal Selection, mai cire abu daga hoto, ya rasa. Wata ta gama gyaran hoto ta adana, waya ta ƙi buɗe shi. Filogin dai su ne ƙananan manhajojin da ake liƙa wa GIMP don su ƙara masa abin da bai zo da shi ba, kuma mafi yawan matsalarsu abu biyu ke kawo ta: an sauke wanda bai dace da sigar GIMP ɗin ba, ko an zuba shi a foldar da ba tasa ba. Don haka ka bi matakan nan a jere, kada ka tsallake na farko don kana ganin ƙarami ne.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta mai Windows 10 ko 11. Mai RAM gigabait 4 za ta yi aiki, amma idan fosta kake haɗawa ko bana, mai 8 ta fi kwanciyar hankali. Ka samu linzamin kwamfuta na hannu, domin zagaye hoto da ɗan allon shafawa na laftof wahala ce kawai. Data kuma, rabin gigabait zai ishe ka sauke GIMP da filogin biyu ko uku. GIMP kyauta ne, filogin ɗin da zan ambata su ma kyauta ne, ba lasisi, ba kuɗin wata. Idan mai gyara ya girka maka ka biya shi ladan aikinsa, wannan daidai ne, amma kada wani ya ce maka akwai lambar buɗewa da za ka saya.

Mataki na 1: San sigar da ke hannunka

Idan akwai GIMP a kwamfutar, buɗe shi, ka shiga Help, ka danna About. Lambar da ka gani ka rubuta ta a takarda. Sigogi biyu ne ke yawo a hannun mutane yanzu: 2.10, wadda ta fito a 2018, da GIMP 3, wadda ta fara fitowa a watan Maris na 2025. A ido sun yi kama, amma cikinsu ya sha bamban. Filogin ɗin da aka gina don 2.10 ba ya aiki a GIMP 3, na GIMP 3 ma ba ya aiki a 2.10. Kamar ka ɗauko kayan gyaran Vespa ne ka ce sai ka ɗaura wa Boxer.

Wanda zai fara yau, ya ɗauki GIMP 3. Wanda kuma ya saba da 2.10, kuma cinikinsa na yau da kullum ya dogara da wani tsohon filogin, kada ya yi gaggawar sauyawa sai ya tabbatar akwai madadinsa a sabuwar sigar.

Hattara: bidiyoyin koyarwa da yawa da ke YouTube an yi su ne da 2.10. Kafin ka bi bayanin kowa, duba wace siga ce a allonsa.

Mataki na 2: Saukewa da girkawa

Je gimp.org kai tsaye, ka shiga Download, ka ɗauki na Windows. Fayil ɗin ya kai wajen megabait 300, don haka ka bari sai lokacin da sabis ke da ƙarfi. Idan ya gama sauka ka kwafe shi a filashi ka ajiye, zai yi maka amfani a wata kwamfutar ba tare da ka sake ƙona data ba. Danna shi sau biyu, ka bar komai yadda ya zo, ka danna Install.

Hattara: idan ka zaɓi Customize, kada ka cire alamar da ke kan Python. Filogin da dama da shi suke tafiya, kuma wanda ya cire shi don rage nauyi zai zo ya rasa dalilin da ya sa ba sa fitowa.

Da ya gama, buɗe GIMP sau ɗaya ka rufe. Buɗewar farko tana ɗaukar lokaci saboda yana karanta duk salon rubutun da ke kwamfutar, kada ka ɗauka ya sandare. A wannan buɗewar ce yake ƙirƙirar foldojin da za mu nema a mataki na gaba.

Mataki na 3: Gano foldar filogin

Nan ne mutane suka fi ɓata, don haka zan ɗan tsaya.

Buɗe GIMP, shiga Edit, sai Preferences. A jerin da ke hagu gangara ƙasa zuwa Folders, ka buɗe shi, ka danna Plug-ins. Za ka ga adireshi biyu. Ɗaya yana cikin inda aka girka GIMP kansa, za ka gane shi da kalmar lib a tsakiyarsa. Wannan na manhajar ne, ka bar shi, domin abin da ka zuba a ciki yana iya tafiya ranar da ka sabunta ta. Ɗayan yana da AppData, Roaming, GIMP, lambar siga, sannan plug-ins. Wannan shi ne naka. Danna shi, sannan ka danna ɗan maɓallin da ke gefen dama na sama, zai buɗe maka foldar.

Akwai gajeriyar hanya: riƙe maɓallin Windows ka danna R, ka rubuta %APPDATA%\GIMP, ka danna Enter. Za ka ga folda mai lambar sigarka, kamar 2.10 ko 3.0. Mutane kan kasa ganin AppData idan suka bi ta hanyar da suka saba, saboda Windows ɓoye ta yake yi. Idan ka shiga ba ka tarar da plug-ins ba, ƙirƙire ta da kanka, da ƙananan baƙaƙe da ɗan layin nan a tsakiya, daidai yadda na rubuta.

Ga ƙa'idar da ya kamata ka haddace. A GIMP 3 dole kowane filogin ya zauna a cikin foldarsa, kuma sunan foldar ya zama daidai da sunan babban fayil ɗin. Idan fayil ɗin batcher.py ne, to foldar batcher ce, a cikin plug-ins. Idan ka watsa shi haka kawai a plug-ins, GIMP 3 ba zai kula shi ba, kuma ba zai fito maka da wani saƙo a allo ya faɗa maka dalili ba. A 2.10 ana iya zubawa kai tsaye, shi ya sa waɗanda suka saba da tsohuwar sigar ke rikicewa.

Hattara: tsofaffin fayiloli masu ƙarewa da .scm ba a wannan foldar ake saka su ba. Akwai wata mai suna scripts a kusa da ita, can ne mazauninsu.

Masu Linux, taku tana ~/.config/GIMP/ sai lambar siga. Masu Mac kuma, Library, Application Support, GIMP.

Mataki na 4: G'MIC

Idan filogin ɗaya tak za ka saka, to wannan ne. An gina shi a ɗakin bincike na GREYC da ke birnin Caen a Faransa, kuma yana ɗauke da tacewa, wato filters, sama da 500: masu goge ƙurar hoton da aka ɗauka da dare, masu ƙara kaifi, masu gyara launi, masu cire abu daga hoto.

Rufe GIMP tukuna. Je gmic.eu, shiga Download, ka nemi sashen G'MIC-Qt na GIMP. Za ka ga na 2.10 daban, na GIMP 3 daban. Duba takardar da ka rubuta a mataki na 1. Kowanne yana da iri biyu, mai girka kansa da kuma zip. Mai girka kansa ya fi sauƙi, amma idan ya nuna maka inda zai zuba kayan, ka karanta adireshin ka tabbatar ya yi daidai da wanda ka gano a mataki na 3, musamman idan ka taɓa girka sigogi biyu a kwamfuta ɗaya.

Idan zip ka ɗauka, warware shi, ka kwashe foldar gaba ɗaya zuwa plug-ins. Babban fayil ɗin shi ne gmic_gimp_qt.exe, don haka sunan foldar ya zama gmic_gimp_qt.

Hattara: kada ka ɗauki .exe ɗin kaɗai ka bar tarin fayilolin .dll da ke tare da shi. Ba tarkace ba ne, da su yake tashi. Duk wanda ya ga saƙon cewa an rasa wani .dll yayin buɗe GIMP, yawanci abin da ya yi ke nan.

Buɗe GIMP, buɗe hoto, shiga Filters, za ka ga G'MIC-Qt a can ƙasan jerin. Kafin ka taɓa komai, duba ƙasan tagar inda aka rubuta Output mode, ka mayar da shi New layer. Da haka sakamakon zai fito a sabon shafi a saman hotonka, asalin yana nan ba a taɓa shi ba, kuma za ka iya rage ƙarfin gyaran da Opacity. Ga masu gyaran hoton amare, a sashen Repair akwai Smooth na fata. Shawarata a nan ita ce a sassauta hannu. Fuskar da aka goge har ta koma kamar roba ba ta yi wa kowa kyau, kuma dangi suna ganewa.

Mataki na 5: Cire abu daga hoto

Wayar lantarki ta ratsa hoton gida, ko wani ya gifta a bayan ango, ko tabo a tsohon hoton kaka. Resynthesizer aka sani da wannan aikin. Yana ɗebo abin da ke kewaye da wurin ya cike gurbin da shi.

A GIMP 2.10 na Windows, kayansa sun haɗa da resynthesizer.exe, resynthesizer_gui.exe da wasu fayiloli masu .py, cikinsu har da plugin-heal-selection.py. Dukkansu za ka zuba a plug-ins. Don ka tabbatar Python na nan, duba Filters ko akwai Python-Fu. Idan babu, Heal Selection ba zai taɓa fitowa ba sai ka sake girka GIMP da Python ɗinsa. Don GIMP 3 an sake gina shi daban, kuma asalin aikin yana shafin GitHub, inda masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, ƙarƙashin sunan bootchk. Daga can za ka fara nema, ka karanta wace siga aka rubuta a jiki.

Hattara: shafukan da ke cewa ka danna nan ka sauke, su yi ta jefa ka daga talla zuwa talla, ka guje su. Fayil mai .exe daga inda ba ka sani ba hanya ce ta shigar ƙwayar cuta kwamfutar da kake neman abinci da ita.

Masu Linux da suka girka GIMP ta Flatpak, naku ya fi sauƙi: flatpak install flathub org.gimp.GIMP.Plugin.Resynthesizer, sai ku zaɓi reshen da ya dace da sigarku. G'MIC ma haka, da org.gimp.GIMP.Plugin.GMic.

Yadda ake aikin: danna maɓallin F, wato Free Select, ka zagaye abin da kake son cirewa. Shiga Select, sai Grow, ka ƙara fiksel 5 zuwa 10 don zagayen ya haɗa da inuwar abin da gefensa. Sannan Filters, Enhance, Heal Selection. Zai tambaye ka faɗin wurin da zai ɗebo, yana zuwa da 50. Idan abin yana kusa da fuskar mutum ko rubutu, rage lambar don kada ya kwaso su ya liƙa a gurbin. Ya fi yin kyau a kan yashi, ciyawa, sararin sama da bango. A kan zanen atamfa ko tayil mai layi-layi yakan karkace, sai ka bi da Clone, wato maɓallin C, ka daidaita da hannu.

Idan Resynthesizer ya gagare ka, kada ka ɓata yini a kansa, G'MIC na yin irin aikin. Ɗauki Pencil, ka saita launi ja tsantsa, ff0000, ka shafe abin da kake son cirewa. Buɗe G'MIC, sashen Repair, ka zaɓi Inpaint na Patch-Based. Pencil na ce, ba Paintbrush ba, domin burushi na barin gefe mai dishi-dishi, sai jan ya saura a hoton kamar zobe.

Mataki na 6: Hotuna da yawa a lokaci ɗaya

Mai sayar da yadi ko takalma da ke da hotuna 80 yana son rage girmansu ya saka tambarinsa, ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A 2.10 BIMP ne ke wannan, yana da mai girka kansa, kuma yana fitowa a File da sunan Batch Image Manipulation. A GIMP 3 sai ka nemi Batcher, ka zuba foldarsa a plug-ins, ka same shi a File, Batch Convert.

Hattara: ka ware wata folda daban don sakamakon, kuma ka gwada da hotuna uku kafin ka sake masa duka. Idan ya rubuta ƙanana a kan na asali, ba su dawowa.

Mataki na 7: Idan filogin bai fito ba

Bi waɗannan a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kana sake buɗe GIMP bayan kowanne.

Da farko, ka rufe GIMP gaba ɗaya ka sake buɗewa? A lokacin tashi ne kaɗai yake leƙa foldar. Sannan, wataƙila ya shiga amma ba ka san inda yake ba. Buɗe hoto, danna maɓallin / ka rubuta sunansa, ko ka shiga Help ka buɗe Plug-in Browser, zai nuna maka a wane jeri yake zaune.

Idan babu shi a can, koma foldar. Abin da na fi tararwa a kwamfutocin mutane shi ne folda a cikin folda: an warware zip, ya haifar da folda mai dogon suna da lambobi, ainihin foldar filogin ɗin kuma tana cikinta. GIMP ba ya nutsawa har can. Fito da ta cikin, ka ajiye ta kai tsaye a ƙarƙashin plug-ins, ka duba sunanta ya yi daidai da na fayil ɗin. Wasu ma zip ɗin suke jefawa ba su warware ba.

Daga nan sake duba siga, ka kuma duba ko na 32-bit ka sauke alhali kwamfutarka 64-bit ce, ko akasin haka. Leƙa manhajar kariyar kwamfutarka, wani lokaci takan kama .exe ɗin ta killace shi ba ka sani ba. Idan daga shafinsa na asali ka sauke, sai ka sake shi.

Idan duk wannan daidai ne, rufe GIMP, ka shiga foldar 2.10 ko 3.0, ka nemi fayil mai suna pluginrc ka goge shi. A cikinsa GIMP ke rubuta filogin ɗin da ya sani, kuma idan ya rasa shi zai sake bin su ɗaya-ɗaya ya rubuta sabo. Babu abin da za ka yi asara. Masu Linux da Mac, akwai ƙarin abu: dole a ba fayil ɗin izinin tashi da chmod +x, in ba haka ba GIMP zai wuce shi. Kuna iya buɗe GIMP daga Terminal da gimp --verbose ku ga abin da yake cewa game da kowane filogin.

Matakin ƙarshe shi ne mayar da GIMP sabo. Rufe shi, ka sauya wa foldar sigarka suna, misali 3.0 ta koma 3.0-tsoho. Da ka buɗe zai gina sabuwa fes. Ka riƙa dawo da filogin ɗaya-ɗaya har ka gano mai kawo rikicin. Sauya suna na ce, ba gogewa ba, domin burusanka da saitinka duk suna ciki. Cire GIMP a sake girkawa, wanda shi mutane ke fara yi, ba ya taɓa wannan foldar, shi ya sa matsalar ke dawowa yadda take.

Mataki na 8: Ya fito amma ya dushe, ko yana faɗuwa

Idan sunan ya yi toka-toka ba ya dannuwa, filogin ɗin lafiyarsa ƙalau, hoton ne bai shirya ba. Shiga Image, Mode, ka tabbatar yana kan RGB. Hotunan GIF da wasu PNG suna zuwa a Indexed, kuma yawancin tacewa ba sa aiki a kansu. A GIMP 3 ana iya zaɓar shafuka da yawa a tare, to idan biyu ne a zaɓe wasu filogin kan dushe, sai ka danna ɗaya kawai. A 2.10 kuma, idan ka liƙa wani abu ka ga Floating Selection a jerin shafuka, danna Ctrl da Shift da N ka mayar da shi cikakken shafi.

Idan ka danna ya yi kamar ya yi aiki amma ba abin da ya sauya, akwai yiwuwar wani ɗan ƙaramin zagaye ne ya saura a wani lungu na hoton, aikin duk a cikinsa yake faruwa. Ctrl da Shift da A na sakin sa. Haka in burushi ya ƙi rubutu, nan za ka fara dubawa.

Idan kuma saƙon Plug-in crashed ya fito, ka adana aikinka nan take da sabon suna, ka rufe GIMP ka buɗe. Yawanci hoton ne ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfutar. Rufe burauza da sauran manhajoji, ka rage girman hoton ta Image, Scale Image idan aikin bai buƙaci duka ba, ko ka zagaye wurin da kake gyarawa kawai ka sa filogin ya yi aiki a nan. A Preferences, System Resources, akwai Tile cache size, ka bar shi wajen rabin RAM ɗinka ko sama kaɗan.

Wani abin da ke firgita sabon shiga: akwatunan kayan aiki duk su ɓace. Maɓallin Tab ka taɓa, sake danna shi.

Mataki na 9: Baƙaƙenmu masu ƙugiya

Kana rubuta "ɗaurin aure" ko "ƙaramar hukuma" a kati, sai ɗ ko ƙ ya fito da wani salo daban, ko ya zama ɗan akwati. Ba laifin GIMP ba ne, salon rubutun ne ba shi da harafin. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika, Charis da Gentium na SIL, duk kyauta. Girka su a Windows, ka sake buɗe GIMP. Ina roƙon masu haɗa kati su daina maye ƙ da k don gudun wahala. Sunan mutum ne da garinsu ke kan katin, a rubuta shi daidai.

Mataki na 10: Adanawa da fitarwa

Ctrl da S yana adanawa ne a matsayin XCF, fayil ɗin GIMP na kansa mai riƙe shafuka da rubutu yadda za ka iya dawowa ka gyara. Waya ba ta buɗe shi, mai buga takarda ma ba lalle ya iya ba. Don samun JPG, PNG ko PDF sai ka bi File, Export As, ka rubuta sunan da ƙarshen da kake so. Ka riƙe duka biyun, XCF naka, JPG na mai aiki, domin gobe zai dawo ya ce an ɗaga ranar biki.

Hattara: GIMP ba ya adana aiki da kansa. Mai kwamfutar tebur da ba ta da batirin tsaro, idan aka ɗauke wuta duk abin da bai adana ba ya tafi. Ka saba wa yatsunka da Ctrl da S bayan kowane babban gyara, da kuma kafin ka saki wani filogin mai nauyi.

Tambari ko hoton da ka cire wa baya, PNG za ka fitar, bayan ka tabbatar ka yi Layer, Transparency, Add Alpha Channel tun kafin gogewa. JPG ba ya riƙe fili mara launi, zai cike maka shi.

Abin da za a buga a takarda, tun farko ka buɗe shi a 300 ppi, wato fiksel 300 a kowane inci. A4 a wannan ma'aunin fiksel 2480 ne da 3508, hoton fasfo mai milimita 35 da 45 kuma 413 da 531. Ƙara wa ƙaramin hoto lamba daga baya ba ya ƙara masa kyau, dishi-dishi kawai zai yi. Idan maɗaba'a ta ce sai CMYK, wato tsarin launin injin bugawa, GIMP 3 na iya fitar da JPG ko TIFF a haka, ka tambaye su wane bayanin launi injinsu ke amfani da shi ka saka. Wajen tura musu ta WhatsApp kuma, ka tura a matsayin Document, domin idan ka tura ta hanyar hoto zai matse shi ya rage ingancin da ka sha wahalar samarwa.